Itatuwa Huɗun da Baba Garba Ya Zaɓa

Ranar Asabar da ta wuce aka ɗaura auren 'yar maƙwabcina, aka yi liyafa a wani zauren taro da ke unguwar University Heights a nan New York. An zaunar da ni kusa da wani reshe ja wur a cikin tulu. Na kai hannu na shafa, ashe roba ce. Yarinyar da ta yi adon wurin ta gan ni ina shafawa, ta matso tana murmushi.

"Baba, reshen itacen mapul ne. Ya yi kyau ko? Yanzu aikin nan ba wahala, oda kawai za ka yi, a kawo maka har ƙofa."

Na ce mata, "Wane mapul ɗin?"

Ta ce, "Ah, Baba, mapul ai mapul ne."

To, ku masu adon biki na yanzu, ku matso ku ji. Shekara talatin na yi ina cin abinci da wannan tambayar da ta ba ku dariya, kuma a kanta na yi wa mutumin da ya koya mini sana'a abin da har yau ban gama jin kunyarsa ba.

Na zo New York a tsakiyar shekarun sittin, ina tuƙa wani babban ma'aikacin ofishin jakadanci. Da aka mai da shi gida ni ban bi shi ba, wannan labari ne daban. Na yi 'yan watanni ina gararamba har na haɗu da Baba Garba a wani ɗaki da muke taruwa sallar Juma'a. Mutumin Zangon Kumasi ne, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, gajere mai faɗin tafin hannu. Ya sauka daga jirgi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga kasuwar furanni ta Titi na Ashirin da Takwas, bai ƙara fita ba. Da ya ji ubana masassaƙi ne a ƙasar Bichi, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan Kano, in dai ubanka ya san itace, kai ma ba za ka rasa ba. Gobe ka zo da takalmi mai ƙarfi."

Shagon na wani tsohon Bature ne. Wasu na sayar da furanni, mu kuwa ɓangarenmu itatuwa. In kaka ta shigo, ganye ya fara juyawa, masu hali sukan so a shigo musu da daji cikin zauren biki. Itatuwa masu rai ake kawowa, tsawon mutum biyu, saiwarsu naɗe da buhun algarara a cikin manyan baho na katako, a jera su hagu da dama a hanyar da amarya za ta bi. Ga kuma yankakkun rassa da ake sa wa a tuluna. Kusan duka mapul suke so, don shi ne yake yin jan nan da ke ɗaukar ido. Baba Garba ne mai zaɓe. Shi yake zuwa gonakin itace a ƙetaren kogi, ya nuna da yatsa, a tono. Abin da ya ce shi ne, ko mai shago ba ya musu da shi.

Aikina na farko rassa ne na teburori ashirin. Baba ya tura ni bayan shago in ware na mapul mai sukari daga cikin tarin da aka sauke. Na duba ganye, duk kamar tafin hannu mai yatsu biyar, na kwaso waɗanda suka fi burge ni, masu zurfin tsaga, bayansu fari kamar an shafa alli. Na jera su a bokitai ina jin kaina. Mai shago ya zo wucewa da matar da ta yi oda. Baba ya dubi bokitan. Sai na ga ya zaro guntun igiya daga aljihun walkinsa, ya ɗaura a hannun bokiti ɗaya, ya ja matar zuwa wajen wardi yana ba ta labarin teku. Da suka tafi ya dawo.

"Wannan mapul mai azurfa ne, ba mai sukari ba," in ji shi. "Yana da kyau paa, sosai ma, amma rago ne. Ka yanke shi da safe, kafin la'asar ya yi laushi kamar tsumma."

Ranar na koyi doka ta farko, kuma ba ta ganye ba ce. Ba a gyara wa abokin aiki a gaban mai saye. In ka ga kuskure, ka ɗaura igiya a jikin abin, magana sai an koma baya. Igiya nawa Baba ya ɗaura mini a shekarata ta farko, Allah kaɗai Ya sani. Mai shago bai taɓa jin ko ɗaya ba.

A hankali ido ya buɗe. Mapul kowane iri, ganyensa biyu-biyu yake fitowa, wannan na kallon wannan. In ka ga ganye ɗaya nan, ɗaya can sama, ajiye shi, ba ɗan gidan ba ne. Jan mapul yatsunsa uku ne manya, bakin ganyen da haƙora kamar zarto. Mai sukari bakinsa sumul, lungun da ke tsakanin yatsunsa zagaye, tohonsa siriri mai tsini, in ka danna da yatsa sai ka ji shi. Shi ne sarkin kaka, a reshe ɗaya za ka ga ja da ruwan goro da rawaya. Sai kuma wanda yake rikita kowa, ɗan Norwe. Ganyensa da na mai sukari kamar an tsaga kara, sai dai ya ɗan fi faɗi da kauri, tohonsa kuma dunƙule yake. Ba ya yin ja. Yana nan kore shar har sauran su tuɓe, sannan ya yi rawaya ya zube. In ka rasa gane su, ka tsinke ganye ɗaya, ka karya silin da ya haɗa shi da reshe. Mai sukari ruwa zai fitar garau. Ɗan Norwe kuwa farin nono zai tsattsafo, irin na tumfafiya.

Kayan aikinmu ba su da yawa: almakashin reshe, ƙaramin zarto mai lanƙwasa, wuƙa, siririyar waya koriya, da guduma ta katako da ake farfasa gindin reshe don ya sha ruwa. Baba ba ya ba da aron almakashinsa ko ga ɗan'uwansa na jini. Kullum in mun tashi sai ya goge shi da mai, ya naɗe shi a tsohuwar safa. Ni nawa sau uku ina mantawa da shi a mota, sau uku yana yi mini tsiya a kai har mako ya zagayo.

Masu saye kuwa, iri-iri. Akwai wadda za ta zo da ƙyallen rigar ƙawayen amarya ta ce a samo mata itace mai wannan launin daidai, kamar mu muke rina su. Akwai wanda zai ce a watan Yuni yana son jan ganye. Baba yakan saurare su duka da kansa a karkace, ya ce to. Amma kafin ya zaɓi ko itace ɗaya, sai ya hau jirgin ƙasa ya je ya ga zauren da kansa, shi kaɗai. Ni a lokacin gani nake yawon tsufa ne kawai, hanyar guje wa ɗaukar baho.

Shekara shida muka yi haka. Sai abu biyu suka canja. Tsohon Bature ya kwanta ciwo, ɗansa ya karɓi shago, muna kiransa Ƙaramin Oga. Yaro ne mai gaggawa, ba ya son tsofaffi a kusa da shi. Na biyu, idon Baba ya fara yana. Na lura yana kai ganye har bakin hancinsa kafin ya yi magana, wani lokacin ma ba ya dubawa, sai ya lalube shi da yatsu. Ƙaramin Oga ma ya lura. Wata rana ya tare ni a bayan mota ya ce, "Isiyaku, tsohon nan yana gani kuwa? Ina tunanin kai za ka fi dacewa da zaɓe." Na ce masa Baba lafiyarsa lau. Amma maganar ta shige ni ta zauna. Gara in faɗa muku gaskiya tun yanzu: na so wurin Baba Garba. Na gaji da ɗaukar baho, ina so ni ma in riƙa nunawa da yatsa.

A farkon shekarun saba'in aka yi wata muguwar shekara. Tsutsa ta cinye ganyen itatuwa tun farkon bazara, suka sake toho a wahale, sannan ruwa ya ɗauke, zafi ya ƙi tafiya. Da kaka ta zo, masu sukari sun yi ja kam, amma ganyen ba ya riƙe da ƙarfi. Ka girgiza reshe kaɗan, ka ga ya zubo. Shaguna da yawa sun daina karɓar odar itace.

A wannan shekarar wata mata ta zo, dattijuwa mai farin gashi, za ta aurar da 'yarta tilo a wani babban otal. 'Yar arewacin ƙasar ce, inda ake tatsar mapul a dafa ruwansa ya zama kamar zuma. Ta ce a cikin waɗannan itatuwan ta girma, a ƙarƙashinsu aka ɗaura nata auren, mijin kuma ya rasu bara. Goma sha biyu take so, masu sukari: takwas a hanyar amarya, huɗu a bayan teburin ango da amarya. Babban aiki ne, Ƙaramin Oga har rawar ƙafa yake.

Baba ya je ya ga zauren kamar yadda ya saba. Washegari muka ƙetare kogi. Ya bi layin itatuwa yana shafa rassa, ya zaɓi takwas masu sukari, ya daɗe a kan kowane ɗaya. Sai ya wuce can ƙarshen gona, ya dafa wasu huɗu masu duhun kore ya ce a tono. Tun daga nesa na san 'yan Norwe ne. Gabana ya faɗi, amma ba don tausayi ba. Na ce a raina, shi ke nan, idon ya tafi. Sa'a biyu muka yi a mota a hanyar dawowa, kafaɗata na gogar tasa. Da na ce, "Baba, waɗancan huɗun fa?" da magana ta ƙare a nan. Ban ce ba. Na yi ta ba shi labarin wani direba da muka sani.

Kwana uku kafin biki matar ta zo ganin kayanta. Mun jera su a bakin titi gaban shago. Ta bi takwas ɗin tana taɓa ganye, idonta ya ciko. Da ta iso kan huɗun sai ta tsaya.

"Waɗannan ba su juya ba. Su ma masu sukari ne?"

Baba ya ce, "Uwargida, ki bar mini su. Ranar biki za ki ga abin da kike so."

Ƙaramin Oga ya juyo ya kalle ni. Igiya tana cikin aljihuna, ina jin ta da yatsuna. Na fito da hannun babu komai, na miƙa shi na tsinko ganye, na karya silin a gaban matar. Farin nono ya taru a bakinsa, ya ɗigo a kan babban yatsana.

Na ce, "Ɗan Norwe ne. Ba zai taɓa yin ja ba."

Matar ta dafe ƙirji. Ƙaramin Oga ya yi jajir, ya hau ba ta haƙuri, yana cewa tsohon ba ya gani sosai, za a canja su yau-yau. Ma'aikatan shagunan maƙwabta duk sun tsaya suna kallo, mutanen da shekara ashirin suke kawo wa Baba reshe ya faɗa musu sunansa. Ni Baba nake kallo ta wutsiyar ido, ina jiran ya yi faɗa. Bai yi ba. Ya dube ni, ba doguwar duba ba. Ya kwance walkinsa, ya ninke shi, ya ɗora a kan baho, ya shiga ciki ya ɗauko safar almakashinsa, ya bi titi ya nufi tashar jirgi. Magana zarar bunu ce, na riga na zare.

Ni na koma gona na zaɓo masu sukari huɗu, mafi ja a duk layin. Ranar biki sanyi ya sauko farat ɗaya. Muka shiga da itatuwa da hantsi, na jera huɗuna a bayan teburin amarya, na ja da baya ina kallo. Wallahi sun yi kyau. Ban kula da abin da ke bayan labulen bangon ba: hita ce ta tururi mai ɗumama ɗaki, dogayen bututun ƙarfe tun daga wannan kusurwa har waccan, kuma saboda sanyin an kunna ta tun safe.

Da la'asar, ana cikin cin abinci, ganye ya fara sauka. Ɗaya, biyu, mutane har suna tafi, sun ɗauka shiri ne. Sai ya zama kamar ana kaɗe tabarma. Ya faɗa cikin miya, ya manne a kek, ya cika mayafin amarya. Ma'aikatan otal suka shigo da tsintsiya ana tsakiyar jawabi. Kafin a tashi hoto, abin da ke bayan ango da amarya ƙirare ne tsirara guda huɗu. Takwas ɗin Baba da ke tsakiyar zaure, nesa da bango, ko gezau ba su yi ba. Na hango uwar amarya zaune, hannunta a cinya, tana kallon ƙiraren nan. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

A nan tsaye na gane komai. Baba ya ga hitar ranar da ya je duba zauren. Ya san mai sukarin bana ba zai jure zafi ba ko na wuni ɗaya, ɗan Norwe kuwa ganyensa kamar da ƙusa aka kafa shi. Niyyarsa ya sa su a bakin bango, da safen biki ya ɗaɗɗaura musu jajayen rassa sabbin yanka da waya, gindinsu a cikin ƙananan kwalaben ruwa, yadda in ja ya zube kore zai rufe. Na ma taɓa ganin ya yi irin haka sau ɗaya, shekarun baya, ban tambayi dalili ba. Ni na san sunan itacen, shi ya san aikin.

Ranar Litinin Ƙaramin Oga ya tara mu. Ya ce duk laifin tsohon nan ne, shi ya rikita odar tun farko har aka yi canjin gaggawa, gara da ya tafi. Ya ce daga yau Isiyaku ne mai zaɓe. Ga dama ta biyu Allah Ya ba ni. Na buɗe baki, na ce na gode.

Sai da hunturu ya yi nisa sannan na iya hawa tudun Highbridge, unguwar da Baba yake zaune. A lokacin matata ta haihu, na fake da cewa goron suna zan kai. Ɗakinsa a hawa na biyar yake. Na same shi zaune bakin taga, ya rame, yana lazimi. Tun daga sallamata ya gane ni.

"Ɗan Kano. Shigo. An samu ƙaruwa, na ji. Allah Ya raya."

Muka gaisa, na ajiye goro. Ya tambayi mai jego, ya tambayi mutanen kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya nemi aiki a shaguna biyu, amma labari ya riga shi isa, kowa ya ji Garba ba ya bambance mai sukari da ɗan Norwe. Yanzu yana share matakalar benen nan, mai gidan yana rage masa haya. Ya faɗi haka ba da ɗaci ba, kamar yana faɗin yanayin gari. Sannan ya ce, "Na bakin hitar nan, ƙarfe nawa suka fara zuba?"

Na ce, "Wajen la'asar, Baba."

"Sun yi ƙoƙari paa. Ni na ɗauka azahar ba za su kai ba."

Na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Amma don Allah me ya sa ba ka yi magana ba ranar? Kalma ɗaya za ka faɗa, hita, kowa ya gane."

Ya ja carbinsa.

"In na faɗa, wa zai zama wawa a gaban matar? Ƙaramin Oga ransa ya ɓaci, dole ya kori mutum ɗaya a ranar. Kai matarka na da ciki wata shida. Ni 'ya'yana sun girma." Ya gyara zama. "Kuma idon ai da gaske yana tafiya. In ba bana ba, baɗi."

Na ce gobe-goben nan zan je in faɗa wa Ƙaramin Oga gaskiya, in faɗa wa duk Titi na Ashirin da Takwas, shago-shago.

Ya ce, "Bari kuraa, bar maganar gaba ɗaya. Ka riƙe aikinka, ka ciyar da yaro."

Na ce, "To, Baba."

Ku ji da kyau, ku da kuke cewa aikin nan ba wahala. Ban yi musu ba ko sau ɗaya. Bai gama rufe baki ba na amsa. Baba Garba ya rasu bayan shekara biyu, kuma har aka binne shi mutanen kasuwa suna cewa tsufa ne ya sa ya rikita itace. Ni kuwa na yi shekaru ina nunawa da yatsa ana tonowa, ana cewa ba a taɓa mai ido irin Isiyaku ba. Na karya silin ganye a gaban mai saye, na yi shiru ranar Litinin, duka biyun na roƙi gafara a kansu kuma ya yafe. Wanda ban iya gaya masa ba shi ne na uku. Da na fito daga ɗakinsa ina sauko da matakalar nan da shi ya share da safe, daɗi nake ji a raina cewa ya ce in bari.